Yaba Kyauta Tukwici: Yadda Mutanen Daudawa Suka Yi wa Jiragena Masauki

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya ja kwanana har na ga wannan rana. Bayan haka, akwai bashin mutane a wuyana, irin bashin da ba a biya da kuɗi. Shekara arba'in ke nan ina tara 'yan ƙananan jiragen sama, samfurin manyan da ke tashi da mutane. Wasu na saya, wasu aka ba ni, mafi yawa kuma ni na ƙera da hannuna. Duk tsawon lokacin nan ba su da tsayayyen mazauni. Yau ga su a jere, guda 38, cikin kwaba uku masu gilashi a wani ɗaki na makaranta a garinmu Daudawa, inda ɗan kowa zai zo ya tsaya ya ba idonsa abinci. Ba ƙarfina ba ne, ba kuma dabarata ba ce. Mutane ne suka yi. Sun roƙe ni kada in kama sunayensu, na kuwa ɗauki alkawari. Amma ban yi alkawarin binne alherinsu ba, domin malamanmu sun karantar da mu cewa godiyar bawa ga Ubangijinsa ba ta cika sai ya gode wa bayin da alherin ya biyo ta hannunsu.

Ni haifaffen Daudawa ne, garin auduga. Tun zamanin Turawa aka san garin nan da gonar irin auduga, kuma mun buɗe ido mun ga iyayenmu suna kai tasu fuloti a auna, a kwasa zuwa injin gurza na Bisije a Funtuwa. Guntayen langa-langar da ake ɗaure dila da ita su ne dukiyarmu ta yarinta, da su muke lanƙwasa mota. Idan kaka ta yi, kara ya wadata, sai mu ɓare ɓawonsa, mu yanka totuwa, mu sossoke. Abokaina suna yin mota da keke da tabarau, ni kuwa kullum jirgi nake yi, alhali ban taɓa ganinsa a ƙasa ba. Iyakar sanina da shi wani ɗigo ne mai ƙyalli da ke jan farin zare a sararin sama, mu kuma muna binsa da gudu muna ihu wai ga jirgin alhazai.

Sai a 1984, da karatu ya kai ni Zariya, na ga jirgi ido da ido. A gefen hanyar Samaru ne Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama take, wadda aka kafa tun 1964. Ranar da ba mu da darasi nakan je in tsaya a bakin waya ina kallon 'yan jiragen koyo suna tashi, su yi shawagi, su sauka, su sake tashi. A shekarar ce na tsinci wani ɗan jirgin roba a tulin kayan gwanjo a kasuwar Sabon Gari. Da na juya cikinsa sai na ga an rubuta 1:72. Ni ɗalibin lissafi ne, nan take na gane. Ma'anarsa, kowace gaɓa ta ainihin jirgin an raba tsawonta gida 72 an ɗauki ɗaya: fiffike, wutsiya, taya, farfela, babu wadda aka yi da ka. Ashe ba abin wasa na riƙe ba, lissafi ne ya yi jiki. Daga ranar ban sake ƙera jirgi ba sai da awo.

A hankali suka taru. Akwai DC-10 na kamfanin Nigeria Airways, fari da kore, da tambarinsa na giwa mai fiffike. Kamfanin ya fara aiki a 1958, ya durƙushe a 2003, yaran yanzu ko sunansa ba su sani ba. Akwai Boeing 747 na Kabo Air, kamfanin da Jarman Kano, marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, ya kafa a 1980, wanda ya daɗe yana jigilar alhazanmu. Akwai na Max Air, na Alhaji Ɗahiru Barau Mangal, ɗan jiharmu, da ya fara a 2008. Akwai Air Beetle, ɗan jirgin koyo da aka harhaɗa guda 60 a Kaduna domin sojan sama. Amma wanda ya fi kwanta mini a rai shi ne DH.9A, mai fiffike biyu, ɗaya bisa ɗaya. Irinsa guda uku ne suka taso daga Helwan kusa da Alƙahira, suka ratso Sudan da Chadi, suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba, 1925, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, a zamanin Sarkin Kano Usman. Faɗin fukafukan ainihin jirgin mita 14 ne, nawa kuwa santimita 19 da ɗoriya. Da totuwa da tsinken ashana da zaren ɗinki na yi shi, ya ci mini wata uku.

Tara abu daban, sama masa wuri daban. Jirgi ba littafi ba ne da za a jingina shi da ɗan'uwansa, shi ko'ina fukafukai ne a buɗe, ɗaya sai ya cinye wurin littafi goma. Na fara rataye su a silin da zaren masunta. Hunturu ɗaya ya isa ƙura ta rufe su, gizo ya yi musu saƙa, zare ya tsinke, biyu suka faɗo suka karye. Na ɗora wasu a taga, rana ta kashe musu fenti. Zafin bazara a ƙarƙashin rufin kwano ya lanƙwasa fiffiken wani na roba. Na mayar da su kwalaye na tura ƙarƙashin gado, gara ta biyo bango ta cinye kwali huɗu da jirage uku na katako. Ranar da na buɗe na ga ƙasa a maimakon aikin shekara biyu, na daɗe a zaune ban ce komai ba.

Sannan babbar jarrabawa ta zo wa ƙasarmu baki ɗaya. Duk wanda ke zaune a Faskari ko Sabuwa ko Ƙanƙara ba sai an ba shi labari ba. A daren 11 ga Disamba, 2020, aka kwashe ɗaliban Makarantar Kimiyya ta Ƙanƙara, bayan kwana shida aka dawo da 344. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jiharmu, har da tamu. Mun kwana da takalmi a ƙafa. A irin wannan hali wa ke ta jirgin totuwa? Na ɗaure abin da ya rage a akwatunan ƙarfe biyu na aika gidan ƙanena a Funtuwa, suka shekara biyu a can ba wanda ya buɗe. Godiyata ta farko tasa ce shi da iyalinsa, da suka matsa a ɗakinsu suka ba kayana wuri, ba su taɓa tambayar yaushe za a kwashe ba.

Abin da ya tayar mini da hankali ya faru ne wata safiya a ƙofar gida. Jirgin yaƙi ya gifta ƙasa-ƙasa ya nufi dazuzzukan da ke tsakaninmu da Zamfara. Jikana ɗan shekara biyar ya jefar da kokon kununsa, ya ruga ya cusa kansa cikin rigata, jikinsa na ɓari. Na tuna mu da muke bin jirgi da gudu muna murna. Shi kuwa bai san jirgi da komai ba sai tashin hankali. A ranar na ƙudura cewa lalle yaran garin nan su ga jirgi a kusa, cikin natsuwa, su san ɗan'adam ne ya zauna ya auna ya ƙera shi, kuma mafi yawan jiragen duniya alhazai da 'yan kasuwa da ɗalibai da marasa lafiya suke ɗauka.

Da na fara neman wuri, masu fatan alheri sun ba ni shawara. Wani ya ce in kai gidan tarihi na Katsina da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, wani ya ce Gidan Makama a Kano. Wurare ne masu daraja, amma yaron Daudawa nawa ne zai kai can? Na tambayi kuɗin hayar shago, fanshona bai kai ba. Na kai takarda wani ofis, aka ce in dawo, na yi ta dawowa har na gaji. Ina cikin wannan ne uwargidana ta ce, "Malam, kai da ka yi shekara 35 da alli a hannu, ina za ka kai su da ya wuce makaranta? Kayan ɗaki ma idan ba a jera ba, wa zai san amarya ta zo da su?" Abin da na yi shekaru ina dube-dube a nesa, ashe yana bakin ƙofa.

Shugaban makarantar ɗalibina ne, ni na koya masa lissafi a aji uku. Da na shiga ofishinsa ya miƙe daga kujerarsa ya rusuna. Na fara kewaye-kewaye, don roƙo yana da nauyi a bakin dattijo. Ya ce, "Baba Malam, jiragen nan da kake zuwa mana da ɗaya a aljihun riga ranar darasin awo? Suna nan?" Na ce suna nan, sai dai ba su da gida. Bai ƙara magana ba, ya ɗauki tarin makullai ya ce in biyo shi. Ya buɗe wani sito da ke jikin ɗakin karatu, cike da karyayyun bencina da tsofaffin rajistoci. Ya ce, "Ga shi, Baba. Ba girma gare shi ba, amma rufinsa ba ya yoyo." Na ce, "Ɗana, kada in ja maka magana." Ya ce shi zai kai wa ƙungiyar iyaye da malamai, shi zai sanar da na gaba da shi. Ya kuwa yi. Cikin mako biyu aka amince, ɗalibai da malamai suka kwashe tarkacen ranar wata Asabar, aka yi wa bango farar ƙasa. Allah Ya saka maka, ɗana. Wanda ya tuna malaminsa bayan shekara talatin, Allah ba zai bar 'ya'yansa su rasa mai tuna su ba.

Sai kafintan unguwarmu, wanda a kansa zan ɗan daɗe, don aikinsa ya cancanta. Da ya zo bai fara da auna bango ba. Cewa ya yi in kawo masa jirgin da ya fi kowanne faɗin fukafukai. Ya ɗora shi a tafin hannu, ya juya shi, ya auna, sannan ya ce zurfin kwabar ƙafa ɗaya da rabi zai zama, don kada fiffike ya taɓa gilashi. Ya zaga ɗakin da safe, ya dawo da la'asar, don ya ga bangon da rana ba ta dukansa, a nan ya ce za a jingina. Ya yi kwaba uku, kowace faɗin ƙafa huɗu, tsawon ƙafa shida, hawa biyar-biyar. Da na ba shi labarin gara, sai ya ɗaga ƙafafun kwabar taƙi guda daga ƙasa, ya shafe su da baƙin mai, ya bar tazarar hannu tsakaninsu da bango don a riƙa leƙawa. Saboda ƙurar hunturu ya yanka tsohon tif na babur siri-siri ya bi bakin ƙofofin da shi, idan an rufe ko iska ba ta shiga. Na tsaya ina kallonsa yana goge gefen katako da samfefa, yana shafawa da bayan yatsa, yana sake gogewa, wai kada sartse ya soki hannun yaro. Da na zo biyansa ya karɓi kuɗin katako da ƙusa kawai. Ya ce, "Baba, ni ban yi nisa a boko ba, amma 'ya'yana uku suna makarantar nan. Ka bar ni in sa hannuna a ciki." Na rasa abin cewa, har yanzu ma ban samu ba, sai addu'a.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gilashi sai Funtuwa, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfina. Tsofaffin ɗalibaina ne suka ji labari suka yi karo-karo ta waya, daga Kaduna, daga Abuja, har da wanda ke Legas. Mai yankan gilashin ya rage kuɗi da ya ji na makaranta ne. Direban da ya ɗauko ya naɗe kowane falle da bargo, ya jingina su a tsaye tsakanin katifu biyu, ya taho yana lallaɓa kowane rami kamar mai ɗauke da ƙwai, ko ɗaya bai tsage ba, ya kuma ƙi karɓar ko sisi. Mai walda ya yi wa taga ƙarfe. Wata baiwar Allah mai sayar da ƙosai a bakin makaranta ta aiko da kwaɗo sabo fil da 'ya'yan makullinsa uku. Mai unguwarmu, ransa ya daɗe, ya zo da kansa ya duba, ya ce wa maigadi ɗakin nan amanar gari ne. Kowannensu ya ɗauka ɗan abu ya yi. A wurina babu ƙarami a ciki.

Ranar jere kuwa uwargida ce ta karɓi aikin. Ni na so in bi shekaru, daga jirgin farko na 1903 zuwa yau. Ta duba ta ce ido ba ya karanta shekara kafin ya ga kyau. Kamar yadda ake jeren kwanuka ta yi: manya a ƙasa, matsakaita a tsakiya, ƙanana a sama, kowane hanci ya ɗan karkato wajen ƙofa, yadda mai shigowa zai ga kamar shi suke tarba. Ta ce kada a cunkusa, a bar wa kowanne wurin shan iska. Ta kawo gashin zabo ɗauri guda, ta ce da shi za a riƙa kaɗe ƙura, tsumma karya farfela zai yi. Shekara arba'in tana share ɗaki tana kewaye akwatunana, ba ta taɓa cewa in fitar da su ba. Na gode, Allah Ya bar mu tare har Aljanna.

A makon farko na Nuwambar 2025 muka buɗe ɗakin, daidai cikar shekara 100 da saukar jiragen nan uku a Kano. Liman ya yi addu'a, yara suka shigo goma-goma. Bayan sun gama kallo na fito da Boeing 747 ɗin, wanda ma'auninsa 1:200 ne, na ba wani yaro rula. Ya auna ya ce santimita 35. Na ce su ninka sau 200. Aka duƙufa, can wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce mita 70. Sai muka fita filin ƙwallo da igiya. Yaro ɗaya ya tsaya a matsayin hanci, muka yi ta aunawa, muna tafiya, muna tafiya, har muka cinye fiye da rabin fili kafin na biyu ya tsaya a matsayin wutsiya. Wurin ya yi tsit. Suna duban ɗan abin da ke hannuna, suna duban tazarar da ke tsakanin abokansu biyu. Sannan na tsayar da na uku a wajen mita 37, na ce musu iyakar tafiyar da jirgin farko ya yi ke nan, ranar 17 ga Disamba, 1903, a Amurka, daƙiƙa 12 kacal a sama, kuma 'yan'uwa biyu masu gyaran keke, Orville da Wilbur Wright, su suka ƙera shi. Wani yaro ya ce, "Malam, masu gyaran keke kamar babana?" Na ce kamar babanka. Gani ya kori ji.

Yarinyar da ta fara samo amsa ta biyo ni har bakin ƙofa, ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, mata suna tuƙa jirgi?" Na ce mata a can Zariya Kyaftin Chinyere Kalu ta koyi tuƙi, ita ce mace ta farko a Najeriya da ta zama matuƙiyar jirgin fasinja, kuma a 2011 ta dawo ta shugabanci kwalejin da ta koyar da ita. Na ƙara mata da cewa a 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero a Kano ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin mota da tarkacen ƙarfe, ya kuma ɗaga daga ƙasa. Ba ta ce komai ba, ta koma gaban gilashin ta tsaya. Jikana ma yana wurin, ya manna hancinsa a gilashi yana ƙirga tagogin DC-10. Da a ce abin da na samu ke nan a shekara arba'in, ya ishe ni.

Akwai wata dabara da kafinta ya kawo, wadda ita ce ta fi komai tasiri. Ya ce a bar hawan ƙasa na kwaba ta uku babu komai, daidai tsayin idon ƙananan yara, duk wanda ya ƙera nasa ya kawo. Sharaɗi ɗaya na sa: sai da awo, kuma mai shi ya rubuta ma'auninsa a 'yar takarda. Kaka ce, kara ya wadata. Kafin wata ya ƙare jirage shida suka sauka a wurin, na totuwa, na gwangwanin madara, na kwali, ɗaya da tayoyin da aka yanka daga tsohon silifa. Wani fiffikensa na dama ya ɗara na hagu, mai shi ya gani da kansa, ya karɓe ya tafi gida ya gyara ya dawo da shi. Makullin ɗaya yana hannun shugaban makaranta, ɗaya yana hannuna, na uku yana zagayawa tsakanin ɗalibai, duk mako da mai riƙe shi da gashin zabo.

Jama'ar Daudawa, na gode. Waɗanda na ambata da sana'arsu da waɗanda mantuwa ta sa na tsallake, ku yafe mini, Allah Ya san ku ɗaya bayan ɗaya. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Jiragen nan daga yau ba nawa ba ne, na 'ya'yanku ne, na kuma faɗa a gaban shaidu cewa ko bayan raina kada a mayar da su akwati. Allah Ya saka muku da mafificin alheri, Ya jiƙan iyayenku, Ya shirya zuriyarku. Allah Ya zaunar da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara da Arewa baki ɗaya lafiya, Ya mayar da manomi gonarsa, ɗalibi ajinsa. Ya kuma nuna mana ranar da yaranmu za su ji ƙarar jirgi su fito da gudu suna ɗaga hannu, kamar yadda muka yi, suna cewa ga alhazai nan sun dawo.

Naku,
Tsohon malamin lissafi, Daudawa.